Murhun Teistodden

Skarvik, 12 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga Goggo Tordis,

Gaisuwa mai yawa daga wadda ba ki taɓa gani ba. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, kuma duhun can bai gundure ki ba. Mu nan rana ta dawo mana sati uku ke nan. Kowa lafiya, in ban da Kaka Hilbert da ƙirjinsa ke damunsa tun kafin Kirsimeti.

Sunana Oddny, shekarata goma sha shida. Babana Torleif ɗan Hilbert ne, Hilbert kuwa ƙanen mahaifinki ne, Edvin. Ke nan ke goggona ce, ko da yake ba a taɓa faɗa mini haka a gida ba. A jarida na ga hotonki, kina tsugune gaban wata tsohuwar bukkar maharba a Svalbard, da igiyar awo a hannu. Na yanke hoton na ɓoye a cikin littafin da nake karantawa. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Malamarmu ta ce kowa ya rubuto shafi goma a kan tarihin tsibiran Svalbard. In kin sami sarari, ki ɗan gaya mini yadda ake gane shekarun bukka, da su wa suka fara zama a can.

To, ba wannan kaɗai ya sa na rubuto ba, gara in faɗa. Na san Kaka Hilbert da mahaifinki sun yi hunturu guda tare a can suna samari, kuma tun da suka dawo ba su sake magana da juna ba. Shekara hamsin. Likita ya gaya wa Babana a gaban ƙofa cewa zuciyar Kaka ta gaji, na ji da kunnena. Ni dai ba na so ya tafi bai ji muryar yayansa ba.

Ba wanda zai gaya mini abin da ya haɗa su. Amma na yi tunani sosai, kuma ina jin na gano: dukansu biyu Kaka Magnhild suke so, ita kuma ta zaɓi ƙaramin. Na ga hotonta tana budurwa, ai dole. A littattafan da nake karantawa kusan kullum haka ake yi. In na canka daidai, ki rubuta mini "haka ne" kawai, zan gane.

Taki,
Oddny

Longyearbyen, 9 ga Maris, 1984

Oddny 'yata,

Na gode da gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Jiya rana ta leƙo mana karon farko, duk gari muka fita muka tsaya kamar tumaki muna kallonta. Ki gaida Baffa Hilbert da jiki, in zai karɓi gaisuwa daga gidanmu.

Ga abin malamarku. Masu farautar ƙaton kifin nan whale ne suka fara barin alama a gaɓa, sai maharban Rasha da manyan gicciyensu na itace, sai namu mutanen masu ɗana tarkon farar yanyawa. Shekarun bukka kuwa ƙusa ke faɗa, da irin gwangwanin da aka zubar a bayanta. Aikina in auna, in zana, in ɗauki hoto, kada in taɓa komai. Na sa miki zane uku a ambulan.

Yanzu ɗayar maganar. Ba haka ba ne. Babana bai taɓa son Magnhild ba, cewa yake ta fiye surutu. Ki rage karanta littattafan nan.

Kin san ƙa'idar bukka? Maharbi na da babbar bukka guda da ƙanana a warwatse, tafiyar yini tsakaninsu. Duk wanda ya kwana a ƙarama, ba ya fita sai ya haɗa murhu: ɓawon itace a ƙasa, ƙirare a kai, itace a sama, sannan ya zaro tsinken ashana uku su leƙo daga kwali. Wanda sanyi ya ƙandare wa hannu ba ya iya buɗe kwali, amma zai iya cafkar tsinke. Wannan ba ladabi ba ne, rai ne.

A watan Janairu na 1934 ƙanƙara ta fashe da Babana, ya jiƙe har wuya. Da rarrafe ya kai bukkar Teistodden. Ya tarar da murhu ba komai sai toka, kwalin ashana wayam. Baffa Hilbert ne ya kwana a can kwana biyu kafin nan. Yatsu uku na hannun dama suka tafi. Da kansa Baffa ya yanke su da wuƙa, don kada ruɓar ta hau.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun shi ya fi ci wa Babana rai. A watan Yuni, yana kwance da zazzaɓi suna jiran jirgi, Baffa ya fita ya yi kwana huɗu, bai ce ga inda za shi ba, da ya dawo ma bai ce uffan ba. Babana ya ce ƙwan agwagwar teku ya tafi tsinta ya bar shi.

Babana na nan Hammerfest, gidan tsofaffi, yana faɗa da masu dafa abinci. A gabansa ba a ambaton sunan ƙanensa.

Teistodden na cikin bukkokin da zan auna bana in ƙanƙarar teku ta bari. Ba mu da labarin wani ya taka wurin tun zamaninsu.

Goggonki,
Tordis

Skarvik, 3 ga Afrilu, 1984

Goggo Tordis,

Ina gaishe ki da godiya. Ban san ma ta inda zan fara ba. Zanenki na manne a bangon ɗakina. Mu lafiya, jiragen kamun kifi sun dawo da kaya sosai, duk gari warin hanta yake. Kaka ya ɗan ji sauƙi, yana fita har bakin gada.

Da na karanta wasiƙarki sai da na zauna a kan matakala. Goggo, tun ina ƙarama nake ganin Kaka yana haɗa murhu kafin ya fita, ko da shago za shi. Murhun ɗakin girki, na falo, har na rumfar jirgi da ba mai kunnawa. Tsinke uku a waje, kullum. Mama kan ce, "Baba, akwai wutar lantarki fa a gidan nan." Shi kuma ya ce, "Na sani." Mun ɗauka tsufa ne.

Kwana shida ina kai-kawo kafin in iya tambayarsa. Ni ko a aji aka kira sunana kunnuwana zafi suke yi. Ran Lahadi su Mama sun tafi coci, na kai masa gahawa da burodi da cuku, na tsaya a bayan kujerarsa don kada ya ga fuskata. Na ce, "Kaka, Goggo Tordis na gaishe ka."

Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce, "'Yar Edvin? Mai tsawo ce ko gajera?"

Na ce a tsugune take a hoton. Ya yi 'yar dariya. Daga nan na faɗa masa duka.

Bai musa ba. Ya ce, "Zo ki zauna, 'yar mafarki, ba na magana da mutum yana bayana." Ya ce a jirgin ƙarshe na kaka wasiƙar Kaka Magnhild ta zo, guda ɗaya tak, ita zai riƙe har bazara. A Teistodden man fitila ya ƙare. Sai ya riƙa ƙyasta ashana yana karantawa, layi biyu kowane tsinke. Da ashana ta ƙare ya cinna ƙiraren da ya kamata ya bari. Ya ce a ransa jibi zai dawo da wasu. Iska ta taso, ta tsare shi a babbar bukka, yayansa ya riga shi zuwa.

Ya ce, "Na haddace ta fa tuni. Ba na bukatar haske. Hannunta kawai nake son gani."

Goggo, ashe akwai soyayya a ciki. Amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. A littafi in saurayi ya yi irin wannan, ba a yanke wa kowa yatsa.

Na tambaye shi kwana huɗun nan na Yuni. Ya ce gahawarsa ta huce. Na sake tambaya, ya ce in je in duba ko kyanwa na waje. Da zan fita sai ya ce, "Ki gaya wa 'yar Edvin, ƙofar Teistodden tana cijewa. Ɗaga ta ake yi sama, sannan a tura. Kada ta tsaya dukanta."

Ga roƙona, ki yi haƙuri da ni. Ki ce wa mahaifinki ya yafe. Ai yatsu uku ne, kuma an yi shekara hamsin. Ko layi ɗaya ya rubuto, ni zan karanta wa Kaka.

Wane ne mai riƙe miki ɗaya bakin igiyar awon a hoton? Hannunsa kawai ya fito.

Taki,
Oddny

Skarvik, 22 ga Yuli, 1984

Goggo Tordis,

Ina gaishe ki, in har kina son gaisuwata. Ina fata kina lafiya. Wata uku da rabi ke nan. Kullum ni ke zuwa ɗaukar wasiƙu, har matar gidan waya ta fara tsokanata, wai, "Saurayin naki bai iya rubutu ba ne?"

Na san abin da na yi. "Ai yatsu uku ne." Na rubuta haka ga 'yar mutumin, ni da nawa goma cif. Jiya na ɗaure yatsu uku da zare na gwada ɓalle maɓallin riga, na gwada fere dankali. Ban kai minti goma ba. Ki yafe mini. Ba sai kin gaya wa mahaifinki komai ba.

Kaka ya faɗi a rumfar jirgi ranar tara ga Yuni. An kai shi asibiti a Tromsø, ya yi sati biyu. Ya dawo, amma ba ya kai bakin gada yanzu, iyakarsa taga. Ba ya iya durƙusawa, don haka ni ke haɗa masa murhu yana daga kujera yana gyara mini. "Ƙirare sun yi kauri." "Kin danne ɓawon, ta ina zai sha iska?" Sau biyu ya tambaye ni ko kin je Teistodden. Na ce ban sani ba. Ya ce, "To."

Aikin makaranta na ci maki mai kyau. Malama ta sa in karanta a gaban aji, na ce maƙogwarona na ciwo. Na gode da zanen, ko ba ki sake rubutowa ba na gode.

Oddny

Hammerfest, 14 ga Satumba, 1984

Oddny 'yata,

Lafiyata lau yanzu, dalilin cewa "yanzu" na tafe. Ki gaida Baffa da jiki sosai.

Ban yi fushi ba, sarkin zargin kai. Wasiƙarki ta Afrilu ta same ni ina ɗaure kaya, na ce sai na ga bukkar zan amsa. Daga Mayu muna arewa, inda ba gidan waya sai tsuntsaye. Ta Yuli kuwa a kan teburina na tarar da ita makon jiya. Maganar yatsu ta yi mini zafi kwana ɗaya, ba zan ɓoye ba. Zaren da kika ɗaura ya biya.

Mai hannun nan na cikin hoto Jostein ne, abokin aikina. Shekararsa sittin da ɗaya, jikokinsa biyar, yana cin albasa ɗanya. Ki kwantar da hankalinki.

Ranar sha tara ga Agusta muka isa mashigin Teistodden. Injin kwalekwale ya tsaya a wancan ƙetaren, Jostein ya zauna gyara, ni na ɗauki bindiga da jaka na zagaya a ƙasa, tafiyar awa uku. Akwai rafi mai saukowa daga dutsen ƙanƙara dab da bukkar. Na tsallaka irinsa ya fi ɗari. Dutse ya juya a ƙarƙashin ƙafata, ruwa ya tafi da ni, na saki jaka don in fita. Ashanata da risho da busassun kaya duk suna ciki. Hazo ya rufe, iska ta taso. Jostein ba zai gan ni ba, ba zai ji ni ba.

Kafin in kai ƙofa hannuwana sun zama kamar na wani. Na doki ƙofar da kafaɗa sau biyu, ko motsi. Sai na tuna da saƙon Baffa a wasiƙarki. Na sa gwiwar hannu a ƙarƙashin sakata na ɗaga, na tura, ta buɗe.

Oddny, murhun a haɗe yake.

Ɓawo a ƙasa, ƙirare sirara kamar an aske su da reza, itace uku a sama. A gefe an kife gwangwani a kan wani abu. Na ture shi da haɓa. Kwalin ashana ne, tsinke uku sun leƙo. Na cafki na farko da tafukan hannu biyu, ya karye. Na biyu kansa ya marmashe. Na uku ya kama. Bututun hayaƙi ya yi tsatsa, na sha hayaƙi har na yi hawaye, amma wuta ta ci. Itacen da aka jera a bango ya kai ni har Jostein ya iso washegari.

Da idona ya washe na ga rubutun fensir a katakon da ke saman murhu: "Edvin, na haɗa. H. 11 ga Yuni 1934."

Daga babbar bukka zuwa nan a watan Yuni, ƙanƙara na narkewa, kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa. Ga kwana huɗunki.

Shekara goma sha biyu ina hana mutane taɓa ko ƙusa a bukkokin nan, ga shi na ƙone murhu mafi tsufa da na taɓa gani a haɗe, ko hotonsa ban ɗauka ba. Na rubuta a rahotona yadda abin ya faru. Kafin mu tafi na sake haɗa shi da ashanar Jostein. Yatsuna goma na nan, biyu dai ba sa jin komai tukuna.

Na kawo wa Babana hoton katakon. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Ya kama hannuwana yana ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar ina jaririya. Ya ce, "Rubutunsa ne, kamar kaza ta taka." Sai ya ce, "Me ya hana wawan ya faɗa?" Bai ci abincin rana ba. Yau da safe ya tambaye ni ranar da jirgin gaɓa ke tsayawa kusa da ku.

Ban yi masa alkawarin komai a madadin Baffa ba. Ki tambaye shi ko zai buɗe ƙofa. Ni jibi zan koma arewa. Ki ce masa 'yar Edvin ta ji ɗumi, ta gode.

Goggonki,
Tordis

Skarvik, 21 ga Oktoba, 1984

Goggona,

Gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Yaya yatsun biyu? Mama ta saƙa miki safar hannu, tana cikin ƙunshin nan, jar ce don a hango ki a hazo. Mu lafiya. Kaka na nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Na karanta masa wasiƙarki sau biyu. Wajen tsinke na uku ya riƙe hannun kujera. Da na gama ya ce, "Da na san za a daɗe haka, da na bar biyar." Na ce me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "In ce me? Na yi a Yuni abin da ya kamata in yi a Janairu? Wannan ba abin faɗa ba ne." Na ce to zai buɗe ƙofa? Ya ce ƙofar gidan nan ba ta cijewa.

Ran Alhamis, sha ɗaya ga wata, Babana ya ɗauko Kaka Edvin daga tashar jirgi. Tun safe Kaka ya hana a kunna komai a falo. Mama ta ce, "Baba, baƙo za mu yi, so kake ya daskare?" Ya ce a bar shi. Ya sa ni na haɗa murhu sau uku kafin ya yarda. Ya sa rigarsa ta zuwa coci.

Na zaci za su rungume juna su yi kuka. Na ma tanadi hankici. Goggo, ko hannu ba su yi ba. Mahaifinki ya shigo da hularsa a kai, ya dubi Kaka daga sama har ƙasa, ya ce, "Ka tsufa."

Kaka ya ce, "Kai ka riga ni, Yaya."

"Gidan nan ba a biyan kuɗin wuta ne?"

Kaka ya nuna murhu da haɓa. Mahaifinki ya dogara sanda ya durƙusa, ƙashinsa na ƙara, ya hana Babana ya taimaka masa. Ya buɗe murhun ya daɗe yana leƙawa. Ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ke ce mai wasiƙu? Wadda ta ce Magnhild nake so?" Na so ƙasa ta buɗe. Ashe kin gaya masa, Goggo. Zan rama.

Sai ya miƙa hannun daman. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Da babban yatsa da manuni ya zaro tsinke ɗaya, ya ƙyasta, ya kama tashi ɗaya. Ya zauna a ƙasa yana kallon wutar. Bai juyo ba ya ce, "Shekara hamsin kafin ka koya."

Kaka ya ce, "Wata biyar na yi na koya. Kai ne ba ka zo ka gani ba."

Mama ta gudu ɗakin girki wai gahawa na tafasa, alhali ba ta ɗora ba. Mahaifinki ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "'Yata ta zo." Kaka ya ce, "Na ji." Ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ko kuma su biyun suka tashi juna, don sai da Babana ya tare su.

Bayan an ci kifi da dankali mahaifinki ya ce tunda wasiƙar nan ta ci masa yatsu uku, yana da hakkin ya ji abin da ke ciki. Kaka ya rufe ido ya karanto ta da ka, tun daga kwanan wata. Na matso da kujera. Goggo, saniyarsu ta haihu. Rufin rumbu na yoyo. Ta saƙa masa safa amma ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A ƙarshe: "Ka dawo da ƙafafunka, safar na jira." Shi ke nan. Mahaifinki ya ce, "Na faɗa maka ta fiye surutu," ya yi dariya har ya shaƙe, Kaka na bubbuga masa baya.

Kwana uku aka ce zai yi, yau kwanansa goma. Suna faɗa a kan sunan wani kare da ya mutu kafin a haifi Babana. Na ba ƙawata littattafaina guda shida, na bar biyu dai.

In kin tashi auna bukkoki baɗi, kuma Jostein na son hutu, na iya riƙe bakin igiya. Murhu ma na iya. Jiya Kaka Edvin ya leƙa wanda na haɗa, ya rufe, bai ce komai ba. Kaka ya ce a wajen yayansa wannan yabo ne.

Taki har kullum,
Oddny